Ko Kun Sani? Barorin Fadar Suleja Ma Suna da Tarihi

Ko kun san cewa mai neman asalin kakansa da ya yi barantaka a fadar Suleja, wajibi ne ya nemi garin da sunan Abuja a tsofaffin takardu? Abu Ja, ƙanin Sarkin Zazzau Makau, shi ya kafa garin a 1828. Sai bayan da aka tsayar da sabon babban birnin tarayya a 1976 garin ya bar wa birnin sunansa, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, 'yan'uwan sarkin, sun rubuta tarihin masarautar da Hausa, aka buga fassararsa ta Turanci a Ibadan a 1952. Daga gare su M. G. Smith ya ɗebi bayanin sarautun fada a littafinsa na mulkin Zazzau na 1960. Sai dai abin takaici, irin waɗannan rubuce-rubuce sun fi riƙe sunan sarauta fiye da na mai riƙe da ita. Wanda ya ɗaura wa dokin sarki sirdi da asuba, ko wadda ta kwana tana tuƙa tuwon baƙi, da wuya alƙalami ya waiwaye su.

Saboda haka a fara da tsofaffin gida, musamman mata, da maroƙan fada: a tambayi laƙabin kakan, da ubangidansa, da unguwar da ya zauna. Da waɗannan a hannu ake nufar Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House.