Ɗakin da Wasiƙun Kwaleji Ke Sauka

A ƙarshen barandar ginin gudanarwa na wata kwalejin ilimi a Arewa akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ba shi da taga ko ɗaya. Ɗalibai na giftawa ta gabansa kullum in za su ofishin rajista, amma kaɗan ne suka san abin da ke ciki. A bakin ƙofa ake tuɓe takalmi saboda ƙura. Da ka shiga sanyi ne zai tarbe ka, ko da a tsakiyar bazara ne, sai gunjin fankokin kwamfutoci da jerin batura a jikin bango. Nan ne ɗakin sabar, nan duk imel ɗin da aka aiko wa malami ko ɗalibin kwalejin ke sauka.

A da, kowane malami da adireshinsa na Gmail ko Yahoo yake aikin ofis. Sai aka lura cewa mujallun bincike da masu ba da tallafin karatu a waje sun fi natsuwa da adireshin da ke ɗauke da sunan makaranta, mai ƙarewa da edu.ng, ƙarƙashin sunan ƙasa na ng da ƙungiyar NiRA ke kula da shi. Shi ya sa hukumar kwalejin ta umarci sashen kwamfuta ya kafa sabar tasu ta kansu.

Ɗora manhajoji bai ci musu lokaci ba. Sun sa Linux, suka ɗora Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, don aikawa da karɓar saƙo. Suka ƙara Dovecot, mai tsare wa kowa akwatinsa ya buɗe ta waya ko kwamfuta. Sannan suka rubuta bayanin MX a rajistar sunan kwalejin, wato sanarwar da ke gaya wa sauran sabobin duniya inda za su kawo wasiƙa.

Wahalar ta fara ne da saƙon gwaji. An tura shi zuwa Gmail, ya faɗa cikin tarkacen saƙonnin banza. Dalili kuwa tsoho ne. Ƙa'idar SMTP da imel ke tafiya a kanta tun 1982 aka tsara ta, lokacin da masu intanet ba su da yawa kuma sun yarda da juna, don haka ba ta tambayar mai aikawa shaidar ko shi wane ne. Kowa na iya rubuta sunan shugaban kwaleji a kan saƙonsa. To, yanzu sabuwar sabar baƙuwa ce, sai ta kawo shaida. Shaida ta farko SPF, jerin na'urorin da aka yarje wa su aika saƙo da sunan kwalejin. Sai DKIM, sa hannu na lissafi da ake liƙa wa kowane saƙo, wanda ba ya tabbata in an taɓa saƙon a hanya. DMARC kuma ita ke faɗin abin da za a yi da saƙon da ya kasa cika waɗannan. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara a kan haka, musamman ga masu aika saƙo da yawa. Akwai kuma abin da ba ya hannun ma'aikatan: sai kamfanin da ke ba kwalejin intanet ya ba su tsayayyar lambar intanet, ya kuma ɗaura ta da sunan sabar. Wannan kaɗai ya sa suka yi ta zarya da takardu.

Batun wuta kowa ya san shi. Abin da ke da daɗi, imel na da haƙuri: in sabar ta mutu, mai aikawa yakan riƙe saƙon yana sake gwadawa, Postfix ma har kwana 5 take yi kafin ta haƙura. Amma ɗaukewar wuta farat ɗaya na lalata faifan ajiya, zafi kuma na cinye batura. Da hunturu, za ka tarar da ƙaramin ma'aikaci durƙushe da abin hura iska yana fitar da jar ƙura daga cikin fankoki.

Abin da ya fi tayar musu da hankali mutane ne. Saƙo zai zo wa malami cewa akwatinsa ya cika, ya latsa nan ya sa kalmar sirrinsa. Ya sa. Kafin gari ya waye ɓarayi sun yi amfani da akwatin nan sun watsa saƙonnin damfara, masu sa ido irin su Spamhaus sun jefa lambar kwalejin cikin baƙin jeri. Da hantsi sai ka ji ana ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen: "Injiniya, saƙona ya dawo." Na kowa ya dawo, saboda kuskuren mutum ɗaya.

Wasu makarantun sun miƙa wannan ɗawainiya ga Google ko Microsoft, kuma ban ga laifinsu ba. Amma wadda ta zaɓi riƙe wasiƙunta a gida ta ɗauki amana babba, domin mai mabuɗin sabar na iya buɗe akwatin kowa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa hukumomi nauyin tsare bayanan mutane. A ganina zalunci ne a ɗora wa matasan sashen kwamfuta wannan nauyi, sannan a bar su suna roƙon kuɗin batir da na dizal.

Kai kuma malam mai adireshin makaranta, don Allah ka kiyaye: ma'aikatan wannan ɗaki ba za su taɓa tambayarka kalmar sirrinka ta imel ba. Duk saƙon da ya nemi ka ba shi ita, kada ka latsa komai, ka sanar da su nan take.