Daga Tarai Zuwa Makarantar Likita: Yadda Za Mu Samar Wa Karkara Likitocinta

Galibi a wannan shafi muna magana ne a kan abincin mai ciki, da allurar rigakafi, da shirin haihuwa. Yau kuwa za mu taɓo wani batu da yake da alaƙa da dukkan waɗannan, wato wane ne zai karɓi haihuwar matan karkara nan da shekaru goma ko ashirin, kuma daga ina zai fito. Za mu ɗauki garin Tarai da ke ƙaramar hukumar Kibiya, da maƙwabtansa na ƙasar Rano, a matsayin misali. Amma maganar ta shafi kowane ƙauye da mace ke fara naƙuda cikin dare, asibiti kuma yana nesa.

Me ya sa maganar ta dame mu?

Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 na haihuwa ne kawai ƙwararren ma'aikacin lafiya ke karɓa. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma abin bai ma kai haihuwa ɗaya cikin biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya saboda ciki ko haihuwa 'yan Nijeriya ne.

Abubuwan da ke kashe matan nan sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga da hawan jini ke kawowa, doguwar naƙuda, da shigar ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. Kowannensu yana da magani idan an zo da wuri. Masana sun ce jinkiri iri uku ne ke jawo asarar rai: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Matar da jini ya ɓalle mata a wani ƙauyen Kibiya sai an nemo mota, a kai ta asibiti mafi kusa, idan abin ya fi ƙarfinsu a wuce Babban Asibitin Rano, wani lokaci har Kano. Zubar jini mai tsanani kuwa yana iya ɗauke rai cikin awa biyu. Idan akwai ungozoma mai horo da ke kwana a garin, da likitan da zai iya tiyata da ƙarin jini a kusa, an rage jinkiri na biyu da na uku. Idan kuma ma'aikaciyar 'yar gari ce da aka sani, an rage na farko, domin maigida ba zai yi nauyin baki wajen kiranta ba, matar ma ba za ta ɓoye mata komai ba.

Ɗan gari ya fi zama

Mu da ke aiki a ɗakin haihuwa mun sha ganin yadda ake tura ma'aikaci ƙauye, bayan 'yan watanni ya nemi canjin wurin aiki. Ba mugunta ba ce. Iyalinsa na birni, babu gidan zama, babu makarantar 'ya'yansa. A ƙarshen 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi zuwa asibitocin karkara. Shirin ya taimaka, amma ɗaya daga cikin matsalolin da ya fuskanta ita ce riƙe ma'aikatan a wuraren da aka tura su.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2010 ta kuma sabunta a 2021, ta ce a riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara a makarantun kiwon lafiya, a kuma koyar da su a karkara, domin su ne suka fi komawa su zauna. Hausawa ma sun riga sun faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wasu ƙasashe sun gina makarantu musamman saboda haka. A Japan an kafa Jami'ar Likitanci ta Jichi a 1972. Kowace jiha tana turo ɗalibai biyu ko uku a shekara, a ɗauke musu kuɗin karatu, su kuma su koma jiharsu su yi aikin shekara 9, wani sashe a ƙauyuka da tsibirai. A Kanada an buɗe makarantar likita ta arewacin Ontariyo a 2005, inda ɗalibin aji uku ke shafe wata 8 yana koyon aiki a ƙaramin gari.

A nan gida hanyar da aka fi bi ita ce fitar da ɗalibai daga babban asibiti zuwa cikin jama'a. Jami'ar Ibadan ta fara haka a yankin Ibarapa tun 1963, Jami'ar Ilori ma ta yi suna a wannan tsari. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna zuwa cibiyar lafiya ta Yakawada a ƙaramar hukumar Giwa, na Jami'ar Bayero kuma suna da ta Kumbotso. To amma kai ɗan birni ƙauye na 'yan makonni daban, shigar da ɗan ƙauyen kansa makarantar daban. Wannan na biyun shi ne aikin da ya rataya a wuyanmu iyaye.

Matakan shiga karatun likita

Mataki na farko yana ƙaramar sakandare. Yarinya ko yaron da ake wa fatan aikin asibiti dole ya bi ɓangaren kimiyya. Jihar Kano tana da kwalejojin kimiyya na kwana, irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa na maza waɗanda aka buɗe a 1977, da ta 'yan mata da ke Garko, wadda ba ta da nisa da ƙasar Kibiya. Da jarrabawa ake shigarsu bayan aji uku. A tambayi shugaban makaranta lokacin jarrabawar tun da wuri, kada a ji labari bayan an gama.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar gama sakandare, WAEC ko NECO. Ana bukatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Jami'o'i da dama suna son mai neman likitanci ya same su a zama ɗaya.

Mataki na uku shi ne JAMB. Mai neman likitanci zai rubuta Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, jimillar maki 400 ne, kuma likitanci na cikin fannonin da ke bukatar maki mafi yawa. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. A tanadar wa ɗalibi layin waya nasa na kansa, kada a bari ya ɓata ko a rufe shi, domin da shi ake buɗe rajistar. Da kwamfuta ake rubuta jarrabawar, saboda haka yaron da bai taɓa riƙe ta ba yana bukatar atisaye kafin ranar. JAMB tana shirya jarrabawar gwaji, kuma kuɗin da aka biya mata ba asara ba ne.

Mataki na huɗu shi ne zaɓen jami'a da tantancewarta. A kusa da mu akwai Jami'ar Bayero da Jami'ar Northwest a Kano, Ahmadu Bello a Zariya, Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Tarayya ta Dutse. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Kano kuma tana cikinsu. Ke nan ɗan Kibiya da ya sa jami'ar yankinsa a zaɓi na farko ya ƙara wa kansa dama. A tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma da takardar haihuwa. Wanda bai samu ta JAMB ba yana iya yin karatun share fage na IJMB, ya nemi shiga kai tsaye aji biyu.

Karatun kansa shekara 6 ne, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa. Tafiya ce mai tsawo, mai kuma cin kuɗi. Akwai Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Kano, akwai kuma asusun bashin karatu na tarayya, NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati.

Ba likita kaɗai ake bukata ba

Ni da nake wannan rubutu difloma ce da ni a aikin jinya da ungozoma, kuma zan gaya muku cewa yawancin haihuwa lafiya lau take zuwa a hannun ungozoma. Ita ce ke gane wadda jininta ya hau tun a wajen awo, ita ce ke ba da allurar da ke sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, ita ce ke sanin lokacin da ya kamata a tura mace gaba. Don haka yarinyar da makinta bai kai na likita ba kada a ce ta faɗi. Akwai makarantar jinya a Kano da Madobi, ta ungozoma a Dambatta, da makarantar koyon aikin lafiya a Bebeji. Darussa biyar ɗin nan dai su ake nema a jinya da ungozoma, kuma yanzu kwalejojin jinya da yawa ta JAMB ake shigarsu. Akwai kuma karatun ungozomar karkara na shekara 2, wanda aka tsara domin yarinya ta fito daga garinsu ta koma garinsu.

An gwada wannan a jihohinmu. Daga 2012 zuwa 2020, wani shiri mai suna Women for Health, da tallafin gwamnatin Birtaniya, ya yi aiki a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya har Borno. Jama'ar gari ne ke zaɓo 'yan mata da matan aure, a ba su karatun share fage don su cike darussan da suka rasa, sannan su shiga makarantun lafiya bisa alkawarin komawa gida aiki. Shirin ya ƙare, amma ya nuna cewa matar aure mai goyo ma tana iya karatun nan idan miji da dangi sun tsaya mata.

Gargaɗi ɗaya: kafin a biya ko sisi, a tabbatar makarantar tana da amincewar hukumar da ke ba da lasisi, MDCN ga likitoci, NMCN ga jinya da ungozoma. Takardar makarantar da ba a amince da ita ba ba ta ba da izinin taɓa majinyaci. Duk wanda kuma ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage, a guje shi.

Ina rabon gida da gari?

Magidanta, da yawanku kun fi son mace ta duba matanku. To macen nan 'yar wani ce da ya bari ta yi karatu. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani babban bincike da aka bayyana sakamakonsa a 2023, wanda aka yi a asibitoci kusan 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. An gano cewa auna jinin da mace ta zubar da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna gaba ɗaya ba tare da jira ba, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Wannan aikin 'yar Arewa ne, kuma matan duniya ne ke amfana.

Gaskiya ce ba kowane ɗan ƙauye da ya zama likita ne zai dawo ba. Wasu birni zai riƙe su, wasu ƙasar waje. Abin da ke jawo mutum gida shi ne a sa hannu a karatunsa tun farko, a kuma shirya masa wurin zama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar ci gaban gari, da dagaci, da masu hali, suna iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu cewa zai yi wa garin aiki na wasu shekaru. Idan za a yi wa ɗaliba aure, a sa maganar ci gaba da karatu da wurin aiki cikin abin da za a tattauna tun wajen neman aure, kada a bar ta sai an tare.

Ke kuma mai juna biyu, naki aikin ya fara tun yanzu. Ki riƙa zuwa awo, ki sha maganin ƙarin jini, ki haihu a asibiti. Ki ba jariri nono zalla har wata 6, a kammala masa rigakafi, domin lafiyar shekarun farko ita ce tushen ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki karatu. A karɓar masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, a rubuta suna da ranar haihuwa daidai, a kuma ci gaba da rubuta su iri ɗaya a kowace takarda, saboda saɓanin suna yana wahalar da ɗalibai lokacin rajista. Yayyensa mata da ke gida kuma a rage musu talla da aikace-aikace a lokacin jarrabawa.

Kafin 'ya'yan namu su fito, kada a jira. Duk mai cikin da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko zazzaɓi mai zafi, ko fashewar faya ba naƙuda, ko ta ji motsin ɗa ya ragu, ko naƙuda ta wuce awa 12, a kai ta asibiti nan take. A tanadi lambar direba, da ɗan kuɗin mota, da 'yan uwan da za su ba da jini, tun ciki yana wata bakwai.

Wanda yake da tambaya a kan makarantun nan yana iya tuntuɓar sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa, ko ya tambaye mu ranar awo. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya sa su amfani jama'a.