Kilen USB: yadda cuta take bin sa daga kwamfuta zuwa kwamfuta

A yau ƙungiyoyin karkara da dama suna da kwamfuta guda, ko kuwa suna aiki da ta ma'aikatar magajin gari. A cikinta ake ajiye sunayen membobi, da lissafin bankin cimaka, da kuɗin asusun mata, da rahoton ƙarshen shekara. In ana son buga takarda, sakatare yakan zuba ta cikin ɗan ƙaramin abin nan da ake kira kile USB, ya kai shago a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa. Kalmar kile daga Faransanci ta fito, ma'anarta mabuɗi. A Nijeriya filas ake ce masa. Tsawonsa bai wuce yatsa ba, amma yana ɗaukar takardun da suka fi ƙarfin akwati. Ta cikinsa ne kuma cuta takan shiga kwamfutar da ba ta taɓa hawa intanet ba.

Mene ne birus?

Birus ba ƙwaro ba ne, kuma ba ya kama mutum. Umarni ne da wani ya rubuta da gangan domin kwamfuta ta yi abin da mai ita bai sa ta ba. Wani birus yana ɓoye takardu. Wani yana kulle su, a nemi kuɗin fansa. Wani kuwa shiru yake yi, yana kwasar lambobin sirri yana aika wa ɓarawon ranar da aka haɗa kwamfutar da intanet. Irin wanda yake bin kile yana da hali guda: yana kwafar kansa. Kile mai lafiya ya shiga kwamfuta mai cuta, ya fito da ita. Ya shiga wata kwamfutar, ya bar mata.

Ku dubi gugan rijiya. In an ajiye shi cikin taɓo aka mayar da shi ruwa, rijiyar duka ta gurɓata, ko da gugan na mai rijiyar ne. Haka kile yake. Saboda haka idan an ce “kilen da ba a sani ba”, ba wanda aka tsinta a hanya kaɗai ake nufi ba. Naku na ƙungiya ma, da zarar ya shiga kwamfutar shagon buga takardu, ya zama baƙo, domin ba ku san kile nawa suka riga shi shiga ba tun safe. Katin memori da ake kaiwa wurin masu tura waƙoƙi, da wa'azi, da fina-finai a kasuwa, shi ma haka ne. Salula ma, in an jona ta da waya a jikin kwamfuta aka buɗe abin da ke cikinta, tana iya ɗauko cutar ta kai gaba.

Abin ya taɓa cin manya

A shekarar 2008 an sa wani kile mai cuta a kwamfutar sojojin Amurka a wani sansani na Gabas ta Tsakiya. Birus ɗin ya bazu har cikin na'urorinsu na sirri. Aikin share shi ya ɗauki wata 14, aka kuma hana sojoji amfani da kile na wani lokaci. A 2010 aka gano birus mai suna Stuxnet, wanda yake yaɗuwa ta kile, wanda kuma ya lalata injuna a masana'antar nukiliya ta Natanz a ƙasar Iran. Kusa da mu, a 2023 kamfanin tsaro na Mandiant ya bayyana wani birus na leƙen asiri da ya shiga ma'aikatu a ƙasashen Afirka, ciki har da Gana, da Kenya, da Masar, kuma masu binciken sun nuna yatsa ga shagunan buga takardu da gidajen intanet.

Akwai kuma wani gwaji mai ban mamaki. A 2015 masu bincike sun yar da kile 297 da gangan a harabar Jami'ar Illinois ta Amurka. Kusan rabinsu, mutane sun tsinta, sun sa a kwamfuta, sun buɗe takardun ciki. Da yawa daga cikinsu sun ce mai shi suke nema domin su mayar masa. Niyya ce mai kyau, kuma da ita ɓarawo yake farauta. Ku lura, waɗannan masu karatun jami'a ne. Faɗawa wannan tarko ba alamar jahilci ba ce.

Birus mai ɓoye takardu

Wanda aka fi haɗuwa da shi a shagunanmu shi ne wanda masu gyara suke kira birus rakursi. Kun dawo daga shago, kun sa kile, sai ku ga dosiyenku suna nan da sunayensu, amma kowane da ɗan hoton kibiya a gindinsa. Waɗannan ba dosiyenku ba ne. Birus ya ɓoye na gaskiya, ya ajiye masu kama da su. Duk wanda ya latsa ɗaya, da hannunsa ya buɗe wa cutar ƙofa. Wani lokaci ma dosiyen yakan buɗe daidai, don kada mutum ya yi zargin kome.

A nan ne mutane suke yin asara sau biyu. Sakatare ya ga takardu sun ɓace, hankalinsa ya tashi, wani ya ce masa ya wanke kilen, wato ya yi masa forma. To, wankewar ce take share takardun. Galibi birus ɗin bai share su ba, lulluɓe su kawai ya yi, kuma mai gyaran kwamfuta yana iya fito da su cikin ƴan mintoci. Kada ku latsa kome, kada ku wanke. Ku cire kilen, ku kai wa mai gyara, ku gaya masa kwamfutocin da ya shiga, domin su ma a duba su.

Kilen tsintuwa

Wannan kam kada ya kusanci kwamfutar ƙungiya. A 2014 wasu masana daga Jamus sun nuna cewa ana iya canza ƙwaƙwalwar kile ta yadda kwamfuta za ta ɗauke shi allon haruffa. Da an jona shi, sai ya shiga rubuta umarni da kansa, da saurin da ido ba ya bi. Irin wannan, wankewa ba ta magance shi, kuma antibirus ba lallai ya gan shi ba. Akwai ma wani abu mai siffar kile da aka ƙera don ya ƙone kwamfuta da wutar lantarki. In kun tsinci kile, ku yi cigiyarsa kamar yadda ake cigiyar kowace tsintuwa. Mai shi zai faɗi launinsa da inda ya yar.

Yadda ƙungiya za ta tsare takardunta

Mafi sauƙi shi ne a sayi kile biyu. Na farko na ajiya ne: a kwafi lissafi a cikinsa kowane ƙarshen wata, a sa shi cikin akwatin ma'aji, kada ya shiga kowace kwamfuta sai ta ƙungiya. Na biyu na fita ne: a zuba masa takardar da za a buga kaɗai. A ɗaura masa zare mai launi don kada a rikita su. In ya dawo, a sa antibirus ya bincika shi kafin a buɗe. In mai shago yana karɓar takarda ta WhatsApp ko ta imel, ya fi, amma banda takardar da ke ɗauke da lissafin kuɗi ko lambobin mutane.

Windows 10 da 11 suna zuwa da antibirus nasu mai suna Microsoft Defender, ba a biyan kome. Sai dai antibirus yana bukatar a haɗa shi da intanet lokaci lokaci domin ya san sababbin cututtuka. Kamfanin Microsoft ya daina gyara Windows XP a 2014, Windows 7 kuma a 2020, don haka tsofaffin kwamfutocin da ke aiki da su sun fi saurin kamuwa.

Littafin lissafi na hannu kuwa, kada a ajiye shi don an samu kwamfuta. Duk abin da aka shigar a na'ura, ma'aji ya rubuta shi a littafi ranar da aka yi taro, mutum biyu su sa hannu.