Abin Yankan Kayan Lambu Mai Reza: Shawara Ga Masu Juna Biyu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum. Ga mai juna biyu, suna rage taurin bayan gida, kuma bitamin C da ke cikin kabeji yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. To amma yanka da wuƙa yana cin lokaci, ga ciwon baya. Shi ya sa wasu ke sayen abin yankan nan mai kama da allo, da reza a tsakiyarsa, wanda Turawa ke kira mandolin. Yana sauƙaƙa aiki ƙwarai, sai dai rezarsa ba ta bambanta karas da yatsa.

Wanne za ki saya?

Uwargida, kada ki sayi wanda ba shi da mariƙi, wato murfin nan mai haƙora da ake dafe kayan lambu da shi. Ki duba gindinsa yana da roba, don kada ya zame. Rezar ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ki zaɓi wanda ake iya kwancewa a wanke, saboda guntun abincin da ya maƙale a lungu matattarar ƙwayoyin cuta ne.

Wanki kafin yanka

Ƙasar da ke jikin karas ko kabeji tana iya ɗauke da ƙwayar cutar toksoplasma, wadda ake samu daga kashin kyanwa, kuma tana iya kaiwa ga jariri a ciki. Ki wanke hannu da sabulu, ki cire ganyen kabeji na waje, ki wanke komai da ruwa mai tsabta, sannan ki yanka. Kada kayan su taɓa ɗanyen nama. Idan kin haɗa salak, a ci nan take ko a sa a firij. Kada ya wuce awa 2 a waje, lokacin zafi kuwa awa 1.

Yadda ake aiki da shi

Ya dace da kabeji, karas, kokwamba, albasa da dankalin Turawa. Alayyafo da nunannen tumatir a bar wa wuƙa. Ki zauna, ki ɗora shi a kan tebur busasshe. Ki dafe da mariƙi, ki tura a hankali rezar na nesa da jikinki. Guntun ƙarshe ki jefa a miya. Wajen wanki ki yi amfani da burushi, kada ki bar shi cikin ruwan kumfa inda hannu zai lalubo shi. A ajiye inda yara ba sa kaiwa.

A watannin ƙarshe, yatsun wasu mata kan kumbura ko su yi sanyi kamar ba nasu ba, riƙo ya yi rauni. Idan haka ta faru, maigida ko wani babba a gidan ya karɓi aikin. Amma kumburin fuska da hannu farat ɗaya, tare da ciwon kai ko gani dishi-dishi, alamar hawan jinin ciki ce. A garzayo asibiti.

Idan an yanke

A danne wurin da tsumma mai tsabta na minti 10, a ɗaga hannun sama. Jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta a rufe. Kada a zuba toka, ƙasa ko kananzir. Idan jinin bai tsaya ba, ko yankan ya yi zurfi, ko yatsan ya ƙi lanƙwasuwa, a zo asibiti tare da katin awon ciki, domin a duba ko kin karɓi allurar rigakafin tetanus.

Allah Ya sauke ku lafiya.