Wuƙar aljihu ta dakushe: yadda ake maido mata da kaifi a gida

Duk shekara idan Sallar layya ta rage kwana biyu ko uku, masu injin wasa wuƙa a kasuwar Katako ta Yamai, kasuwar Dole ta Damagaram da babbar kasuwar Maraɗi ba sa samun sararin ko shan ruwa. Adduna ne, wuƙaƙen yanka ne, gatura ne, kowa na jiran a zo kansa. A cikin tarin akwai ƙananan wuƙaƙe masu ninkewa, irin waɗanda samari ke sakawa a aljihu don feraye mangwaro, yanka balangu a fada ko datse igiya. Su ne suka fi cutuwa a wurin.

Dutsen inji yana juyawa da gudu, kuma gogayyar tana haifar da zafi. Adda mai kauri tana iya jurewa, amma bakin ƙaramar wuƙa siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Idan aka ga bakin ya yi ja-ja ko shuɗi, to taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta ya tafi. Wuƙar za ta yi kaifi a ranar, kashegari ta lanƙwashe a kan jijiyar nama. Ga kuma cin ƙarfe: zuwa uku ko huɗu wurin inji, sai ka ga wuƙa ta koma kamar basilla.

Asarar ba ƙarama ba ce ga mai wuƙa ta ƙwarai. Opinel, mai mariƙin icce da ƴan ci-rani kan kawo tsaraba daga Faransa, Joseph Opinel ne ya fara ƙera ta a yankin Savoie a 1890, an kuma ƙara mata zoben kulle a 1955. Douk-Douk kuwa, wadda kamfanin Cognet ke yi a garin Thiers tun 1929, an tsara ta ne don tsibiran tekun Pasifik, ba ta karɓu a can ba, sai ta sami kasuwa a ƙasashen Afirka da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Akwai kuma Okapi, wadda aka fara a Jamus a 1902, daga baya aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Da yawa daga cikin waɗanda ake gani a faifan ƴan koli kwaikwayo ne masu taushin ƙarfe. Su ma suna wasuwa, sai dai ba sa riƙe kaifi, don haka da su ya kamata mai koyo ya fara.

Kayan aikin ba su da yawa. Dutsen washi mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, ya wadatar, kuma ana samun sa wurin masu sayar da kayan kafinta. Lambar da ke jikinsa tana nuna laushinsa: 400 na gyaran bakin da ya mutu ne ko ya ɓalle, 1000 na kaifin yau da kullum. Wanda ba shi da dutse na iya manna takardar yashi ta masu fentin mota a kan gilashi ko tayil. Ɗalibin da ke ɗakin haya a ƙasar waje ma yana da mafita: ya kifa kofin tangaram, zoben nan mai kaushi da ke gindinsa yana gyara bakin da bai dakushe sosai ba. Dutsen ruwa ana jiƙa shi har ya daina fitar da kumfa, na mai kuma a ɗiga masa mai kaɗan. A shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi don kada ya zame.

Inda aka fi shan wahala shi ne karkatar wuƙar. Yawancin wuƙaƙen aljihu suna son digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe. Babu mai awo a tsakar gida, amma akwai dabara: a tsayar da wuƙar cak a kan dutse, a kwantar da ita rabi, a sake kwantar da rabin wancan, sannan a ƙara sauke ta ɗan kaɗan. Wanda yake shakka ya shafa baƙar tawadar alƙalami a bakin wuƙar, ya goga sau biyu, ya duba. Idan tawadar ta goge daidai a bakin, hannu ya zauna. Idan ta goge can sama ta bar bakin, wuƙar ta kwanta da yawa, a ɗan ɗaga ta.

Daga nan sai tura wuƙar a kan dutse kamar ana son yanko masa siririn ɓawo, daga gindi har tsini, ana ɗan ɗaga mariƙi idan an zo wurin lanƙwasar. Ba a danna ta da ƙarfi, kuma wuyan hannu ba ya motsi. Kafaɗa da gwiwar hannu ne ke tafiya. Masu koyo sun fi son ƙirga sau nawa suka goga, alhali ƙirga ba ta gaya wa kowa komai. Abin da ake jira shi ne wani ɗan siririn gashi na ƙarfe da ke tasowa a ɗaya gefen. Ana jin sa idan aka shafa yatsa a hankali daga bayan wuƙar zuwa bakin, ba a bin tsawon kaifin. Sai an ji shi tun daga gindi har tsini ake juya wuƙar. Wanda ya juya kafin nan zai iya yini yana guga, wuƙa na sheƙi amma ba ta yanka tumatir.

Idan gefe biyu sun kammala, sai a koma fuska mai laushi, ana sauya gefe bayan kowace guga, hannu na ƙara sassautawa. Mataki na ƙarshe wanzamai sun daɗe da saninsa: fata. Bayan tsohon bel ya isa. A nan ana jan wuƙar da baya ne, kaifin na biye, har ɗan gashin ƙarfen ya fita. Gwaji kuma da takarda ake yi. Idan ta tsaga ta ba tare da cijewa ba, aiki ya yi. A ƙarƙashin fitila ma ana ganewa, domin baki mai kaifi ba ya ƙyalli. Duk inda ya yi fari, wurin bai wasu ba.

Wuƙa mai ninkewa tana da hatsarin da wuƙar kicin ba ta da shi: tana iya rufewa a kan yatsu ana cikin washi. Mai kulle a tabbatar an kulle ta, maras kulle kuma a ɗauke yatsu daga ramin da bakin ke shiga. Ƙurar hunturu tana cika mahaɗin, sai a share ta da tsohon buroshin haƙori a ɗiga man keken ɗinki. Da damina iccen Opinel kan kumbura har ta ƙi buɗewa, maganinta a bar ta ta bushe, ba a tilasta ta da filaya. Ƙarfen da ba inos ba ya fi saurin ɗaukar kaifi, amma yana tsatsa idan aka ninke shi da ruwan lemun tsami ko jini a jikinsa.

Ranar layya, wuƙar aljihu tana taimakawa wajen fiɗa da gyaran kayan ciki, amma ba ta yankan rago ba ce, ta yi gajarta. Malamai kan tunatar duk shekara cewa addini ya yi umarni a wasa wuƙar yanka don a sauƙaƙa wa dabba, kuma kada a wasa ta a gaban idonta.

Ga masu tafiya kuwa, abin da yake kayan aiki a Tawa na iya zama laifi a wani wuri. A Faransa, yawo da wuƙar da doka ta ɗauka makami ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba na iya kai mutum ga ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 15,000. A Ingila an yarda da mai ninkewa wadda bakinta bai wuce inci 3 ba, kimanin santimita 7.6, da sharaɗin ba ta da kulle, ke nan Opinel mai zobe ta fita daga ciki. A filin jirgi kuma wurinta babbar jaka ce da ake aunawa, domin idan na'ura ta gano ta a jakar hannu, a nan ake rabuwa da ita.