Zama na Tara: Aikin Gaɓoɓin Jikin Mai Azumi Daga Sahur Zuwa Buɗa-Baki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan'uwa masu sauraronmu a Agiye da Gazawa, har zuwa Tibiri da Gidan Rumji, dalilin zamanmu na yau tambaya ce da wani bawan Allah ya aiko mana. Mahaifinsa dattijo ne mai ciwon sukari, ya yanke jiki ya faɗi bayan la'asar, aka kawo masa ruwa ya ƙi karɓa, yana cewa shekara sittin bai taɓa shan azumi ba. Ɗan yana tambaya: laifi ne a kansu da suka matsa masa ya sha? Kafin mu kai ga hukunci, sai mun san abin da ke gudana a cikin jiki, domin hukunci a kan abu yana bin fahimtarsa. Allah kuwa ya kira mu a Suratul Zariyat, aya ta 21, mu dubi ayoyinsa da ke cikin kawunanmu.

Mu fara da lomar sahur. Tun a baki haƙora ke niƙa ta, yawu ya fara narkar da ita, ta bi maƙoshi ta sauka tumbi. A can akwai ruwa mai tsananin tsami da ke dama ta na wasu awoyi, sannan ta wuce ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 6 a naɗe cikin cikinmu. A nan ne ake tsotse amfanin abinci ya shiga jini. Tuwo da hura da shinkafa duk sukari suke komawa, jinin da ya ɗauko su kuwa hanta yake fara kai wa.

Duk manomi zai gane aikin hanta, domin rumbu ce. In kaka ta yi ba a cinye gero a rana ɗaya, ana ɗaure damma a zuba a rumbu. Haka hanta ke karɓar rarar sukari ta adana wajen giram 100. Mai ba da umarnin a zuba shi ne wani sinadari da ake kira insulin, yana fitowa daga wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, likitoci na ce mata pankiriyas. Idan hantsi ya yi, abincin sahur ya ƙare a hanji, sai hanta ta buɗe rumbu tana sakin sukari kaɗan-kaɗan, jiki kuma ya fara taɓa kitsen da ya tara. Babbar mai buƙatar wannan sukari ita ce ƙwaƙwalwa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfinsa. Azuminmu a nan bai cika wuce awa 14 ba, tanadin lafiyayyen mutum kuwa ya ishe shi. Shi ya sa yunwa ba ta kayar da mai lafiya. Shi ya sa kuma hurar gero da nono, ko tuwo da wake, suka fi burodi da shayi mai sukari riƙe ciki, domin a hankali suke narkewa. Wanda ya jinkirta sahur kamar yadda sunna ta koyar ya rage wa hantarsa tsawon aiki.

Mai rarraba wannan abinci ita ce zuciya, tsoka ce da ba ta fi dunƙulen hannun mai ita ba. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, wato kusan sau 100.000 a yini da kwana, tana zagaya jinin da bai wuce lita 5 ba. Ɓangarenta na dama na tura jini huhu ya zubar da gurɓatacciyar iska ya ɗauko mai kyau, na hagu kuma ya watsa shi ga sauran jiki. Wanda ya fara bayyana cewa jini ta huhu yake bi daga dama zuwa hagu malamin Musulunci ne, Ibnun Nafis, likita kuma masanin fiƙihu, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288. Sai a 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya wallafa bayanin zagayen jini gaba ɗaya. Muna faɗin wannan ne saboda masu ganin ilimin likita na wasu ne ba namu ba.

Inda haɗarin yake a ƙasarmu shi ne ruwa. Fiye da rabin jikin babban mutum ruwa ne, kuma yana fita ko ba mu so: ta numfashi, ta fitsari, ta zufa. Zufa rahama ce, da ita fata ke sanyaya jiki. Amma a bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, mai buga tubali ko mai sharar gona yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya. Haka mata masu daka da jan guga da tsayuwa gaban murhu tun azahar, waɗanda sau da yawa ba a lissafa su cikin masu aikin ƙarfi.

Masu gadin wannan ruwa su ne ƙodoji biyu. A kowace akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Suna tace ruwan jini wajen lita 180 a kowace rana, su mayar da kusan duka cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. In ruwa ya ragu, ƙwaƙwalwa kan aika musu da saƙo su ƙara riƙewa, shi ya sa fitsarin mai azumi ke raguwa ya yi duhu da yamma. Wannan ba ciwo ba ne. Sai dai riƙon yana da iyaka. In aka wuce ta, jini ya ragu, zuciya ta kama sauri don ta cike giɓi, mutum ya tashi tsaye ya ga duhu. In fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, ko zufa ta tsaya jiki na zafi, ko magana ta rikice, to an shiga halin da ƙoda ke iya lalacewa, rai ma na iya tafiya. A nan muna gargaɗi game da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye wurin masu talla a kasuwa, irin su diclofenac da ibuprofen: shansu a jikin da ba ruwa yana cutar da ƙoda, kuma suna tayar da gyambon ciki.

Yanzu mu koma ga dattijonmu. Mai ciwon sukari, insulin ɗinsa ne ya gaza ko jikinsa ya daina jin umarninsa, sai a taimaka masa da ƙwaya ko allura. Wasu daga cikin magungunan nan ba su san ana azumi ba, suna ci gaba da sauke sukari ko ciki babu komai. Sai makyarkyata ta zo, da zufa mai sanyi, da gigicewa, domin ƙwaƙwalwa ta rasa abincinta. Jagororin likitoci sun ce in awo ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, ko ya haura giram 3, a karya azumi nan take, ko da saura minti goma a kira salla.

Shari'a ba ta saɓa wa wannan ba. Allah ya yi rangwame ga mara lafiya a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, ya sha ya rama a wasu kwanaki. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe: wanda ke tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, ya halatta ya sha, wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa. Saboda haka waɗannan ƴaƴa ba su yi laifi ba, abin da ya hau kansu suka yi. In likita ya tabbatar cewa mahaifinsu ba zai iya ramawa ba, an so ya ciyar da mudun Annabi guda a madadin kowace rana, wato cikin tafukan hannu biyu na matsakaicin mutum, ba tiyar kasuwa ba. Tsira yatsa don awon sukari ba ya karya azumi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani ba ta karya shi, in ba ƙarin ruwa mai ciyarwa ba ne.

Mai ciwon sukari, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, su je gidan likita a gyara musu lokutan shan magani, kada su canza da kansu. Ga sauran jama'a, a buɗe baki da dabino da ruwa, a yi salla, sannan a ci abinci. Ruwan kuma a rarraba shi tsakanin magariba da sahur, domin wanda aka kwankwaɗa lokaci ɗaya, ƙoda za ta fitar da mafi yawansa kafin hantsi. Hukuncin mai ciki da mai shayarwa sai zama na goma, in Allah ya kai mu.