RASHIN BARCI DA HAƊARIN FAƊUWA A BAKIN KOGIN GAYA

Garin Gaya, cikin jihar Doso, mararraba ce ta fatauci: ga hanyar Malanbil da Kwatano, ga kuma ta Kamba a Najeriya. Da aka rufe gadar kan iyaka a shekara ta 2023, sai mutane da hajja suka koma ga kwale-kwale. Masu fito da 'yan dako sun sami aiki, amma da yawansu sun rage barci domin kada ciniki ya wuce su.

Likitoci sun bayyana cewa abubuwa uku ne ke tsai da mutum bisa ƙafafunsa: idanu, da wani ruwa da ke can cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi. Dukkansu suna kai labari ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta daidaita jiki nan take. In ba ta huta ba, sai aikinta ya yi nawa, mutum ya riƙa tangaɗi bai sani ba. A shekara ta 1997, masana a Ostareliya sun nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 idonsa biyu, kuzarinsa yakan ragu kamar na mai rabin giram na barasa cikin kowace litar jininsa.

To, ɗan dakon da ya kwana yana lodi, sa'an nan ya taka bakin kwale-kwale da buhu bisa kai, ko karen motar da ya hau saman kamiyo ɗaurin igiya, santsi ɗaya ya isa ya ja masa karaya ko nutsewa. Haka ma tsoffin da zafi da sauro suka hana wa barci, in sun tashi alwala cikin duhun asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kimanin 684.000 kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa.

Baligi yana bukatar barcin sa'a 7 ko fiye. Saboda haka ya kamata shugabannin 'yan dako da na masu fito su tsara aiki bi da bi, kada wanda ya kwana aiki ya ɗauki kaya da safe. Magidanta kuma su tanadar wa tsoffinsu gidan sauro da fitila, su kau da turmi da igiyar dabbobi daga hanyar bayan gida. Rigakafi ya fi magani.